Bututun Hayaƙin Gidan Huldah

Da asubar ranar da sojojin Sarkin Ingila suka ƙone garinmu, Lemuel Treadwell yana kan rufin gidan matar yayansa, yana zura dinya cikin bututun hayaƙi.

Haka muke share bututu. A ɗaura wa dinya igiya a ƙafa, a sake ta ta sama, tana dukan bango da fukafukai tana neman mafita, kunkunniya na zubowa cikin murhu. In ta kai ƙasa a jawo ta, a maimaita. Dinyar Lemuel fara ce lokacin da ya saye ta, amma babu wanda ya tuna ta da wannan launin. Shi ma kansa haka.

Sana'arsa haɗa durukan katako da masunta ke zuba kifi mai gishiri. Duba bututu kuwa aikin gari ne, irin wanda ake rabawa a taron shekara tare da kama aladun da suka tsinke da duba shingen gonaki. Ba mai so. An ɗora wa Lemuel ne tun yana saurayi, don ranar bai zo taron ba, ba wanda zai ƙi a madadinsa. Ya karɓa, ya riƙe har gashinsa ya yi fari, matarsa ta rasu, 'yarsa ta yi aure can cikin tudu. In ka gaishe shi a hanya zai amsa, amma idonsa na kan rufin gidanka. Gidajenmu na katako ne tun daga ƙasa har sama, suna jingine da juna, iskar teku kuma ba ta hutu. Ya san in bututu ɗaya ya kama, layin duka ya tafi. Duk tsawon shekarunsa a kan aikin babu gidan da ya ƙone. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma kowa ya san ya sani.

Bututu ɗaya ne ya gagare shi, na gidan Huldah. Gidan yana ƙarshen gari, a kan hanyar da ta taso daga bakin ruwa, inda take sayar wa masu jirage abinci da giyar tuffa. Mijinta Obed, yayan Lemuel, shi ya gina bututun da hannunsa kafin teku ta tafi da shi. Obed mutumin kirki ne, gwanin kamun kifi, amma ba magini ba ne. Da lakar bakin ruwa ya haɗa duwatsun. A ɗakin sama akwai tsagar da mutum zai zura hannu har gwiwar hannu.

Huldah ta leƙo daga ƙofa da safen nan, ta rufe tukwanenta da tsumma saboda kunkunniya.

"Ƙaramin maigida, ka gama ka sauko, kunun masara na hucewa."

"Ba na cin abin da aka dafa a wannan murhun."

"Jiya ka ci kwano biyu."

"Jiya yunwa nake ji. Yaya, wannan bututun shi zai cinye garin nan."

"Tun ina da haƙoran gaba kake faɗa mini haka. Ga garin, ga ni, haƙoran ne kawai suka tafi."

A nan ne ya ɗaga kai ya ga jiragen. Sun cika bakin teku, ana sauke ƙananan kwalekwale cike da jajayen riguna. Shi ne mutum na farko a garin da ya gan su. Daga baya an yi ta tambayarsa me ya hana shi yin ihu nan take. Ya ce dinya na tsakiyar bututu, ba a barin dinya a tsakiyar bututu. Yana cikin jawo ta kuma ta yi wani irin bugu, ya ji duwatsu sun zame daga ciki sun ruguzo, suka tsaya a maƙogwaron bututun. Ya fito da ita, ya leƙa ƙasa, babu ko ɗigon haske.

Sai ya sunkuyo bakin rufi ya ba Huldah labari biyu, a jeren da yake ganin ya dace.

"Yaya, kada ki hura wuta, bututun ya toshe. Sannan kuma sojojin sarki sun zo."

Aka buga ƙararrawar coci. Mazan da ke da bindiga suka hau tudu, ba su kai a kira su runduna ba. Saura kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya faɗa a kai. Ni da amalanken shanuna na yi ta jigilar tsofaffi da katifu da tukwane zuwa daji. Dattijo Gershom Pike, babba a coci, ya tsaya ya kulle ƙofar gidansa da kyau, ya girgiza ta don ya tabbatar, ya sa mabuɗin a aljihu. Har yau mabuɗin na nan.

Da na zo ɗaukar Huldah na tarar Lemuel zaune a kan kujera gaban murhu, dinya a cinyarsa.

"Taso mu tafi," in ji ta.

"In na tafi wani zai shigo ya hura wuta."

"Wane ne zai shigo?"

"Kowa ma. Mutane ba sa tambaya."

"Lemuel, harbe ka za su yi."

"To ki tafi da kwanon kunun, kada ya lalace."

Shanu ba sa jiran gardama. Na kaɗa su muka tafi.

Abin da ya faru a gidan daga bakinsa na ji, kuma Lemuel bai iya ƙarin gishiri ba, ko an roƙe shi. Da hantsi sojoji suka fara cinna wuta daga wajen coci suna gangarowa gida gida. Wani saje da yaransa kaɗan suka riga sauran isowa ƙarshen gari, neman abin taɓawa. Suka banko ƙofa, suka ga tsoho baƙi ƙirin da tsuntsuwa baƙa ƙirin suna kallonsu.

"Baba, kai ne mai gidan?"

"A'a. Ni ne mai duba bututu."

"Mai duba me?"

"Bututun hayaƙi. An hana hura wuta a gidan nan sai an gyara."

Sajen ya waiwaya ya dubi taga. Ta cikinta ana hango gidaje suna ci bal-bal, har da na Lemuel.

"Wa ya hana?"

"Ni."

"Baba, ka san abin da ya kawo mu garin nan kuwa?"

"Wannan tsakaninku ne da manya. Ni murhu aka ba ni. In kun hura wuta a nan, gidan yana iya kamawa."

Ya ce sun yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Bai ga abin dariya ba, kuma har ya bar garin bai gani ba. Wani ya fizge dinyar daga cinyarsa ya murɗe mata wuya, ya fara fige ta. Suka karya kujerun Huldah suka cusa a murhu, suka ƙara da ɗanyar ciyawar da ta yanko wa saniyarta, suka kunna. Hayaƙin ya tashi, ya iske hanya a rufe, ya dawo musu. Kafin dinyar ta ji ɗumi ɗakin ya yi duhu. Suka fito suna tari suna hawaye suna zagin uwar wanda ya gina gidan, wadda ita ce uwar Lemuel, suka tafi da naman ɗanye.

Shi kuwa ya kwanta rub da ciki inda iska ta rage, ya jawo tulun giyar tuffa ya yi ta kwarawa a wutar. Ciyawar ta jiƙe, hayaƙin ya ninka. Yana fita ta ƙofa, ta tagogi, ta ƙarƙashin rufi, ta ko'ina ban da inda aka yi domin shi. Daidai lokacin masu cinna wuta suka iso da bakin wuta a hannu. Babbansu ya dubi gidan ya ce an riga an yi wa wannan, su wuce.

Lemuel ya ji maganar daga ciki, ransa ya ɓaci. Ya rarrafo waje don ya gyara musu zancen, ya faɗa musu gidan bai kama ba, bututu ne ya toshe kamar yadda ya yi ta faɗa. Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Ya yi ta nuna rufin da hannu yana tari. Wani soja ya bubbuga masa baya ya ce ya yi haƙuri, haka yaƙi yake. Suka wuce.

Washegari jiragen suka ɗaga, muka sauko daga daji. Gari ya zama toka, amma bututu duka suna tsaye. Dutse ba ya ci. Layi layi suke, kowanne a bakin inda gidansa yake da, da murhunsa a buɗe, wani ma da tukunya a rataye. Ina tonon toka ina neman gatarina sai ga Lemuel yana bin layi, yana shiga kowane murhu yana leƙa sama. Ya tsaya a kaina.

"Ka gani, Enos? Ko ɗaya bai tashi daga bututu ba."

Na ci gaba da tono. Na samu kan gatarin, ƙotar ta ƙone.

Gidan Huldah kaɗai ya rage, sai wani rumbun ciyawa a bayan gari. Masu dangi a tudu suka tafi wajen danginsu. Waɗanda ba su da kowa suka tare a gidan Huldah, a ɗaki, a zaure, a ƙarƙashin matakala. Ta sa aka yi ta zungurar bututun da doguwar sanda daga ƙasa har wata 'yar kafa ta buɗe, hayaƙi ya samu rabin hanya, aka ci gaba da girki.

Labari kuma ya fara girma. Da farko cewa ake yi bututun Obed ya ruɗi sojoji. Kafin kaka ta shigo an koma cewa Obed ya san abin da yake yi tun ranar da ya kwaɓa lakar. Fasto ya yi wa'azi a kai. Mata na wucewa su shafa dutsen da hannu. Masunta suka fara ɓantarar lakar suna sawa a aljihu in za su shiga teku, wanda ya ƙara wa tsagar faɗi.

Da aka kira taron gari, a ɗakin Huldah tunda babu wani ɗakin, Lemuel ya miƙe ya ce a ba shi izini ya rushe bututun ya sake ginawa kafin sanyi. Dattijo Gershom ya gyara zama.

"Lemuel, ɗan'uwa, bututu nawa ka duba a garin nan ka ce lafiyarsu lau?"

"Duka, ban da wannan."

"Gidajen da ka ce lafiya lau, ina suke?"

"Sun ƙone."

"Wanda ka ce shi zai cinye gari fa?"

"Muna cikinsa."

"To, jama'a kun ji da kunnenku."

Aka ɗaga hannu, aka hana taɓa bututun. Amma tunda doka ta ce dole gari ya kasance da mai duba bututu, aka sake zaɓensa, aka ce ya kula da sauran. Wani daga baya ya ce ai yanzu ma aikin ya fi sauƙi, ba sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kuma ya kula da su. Duk mako sai ya zaga kangon nan, ya cire sheƙar tsuntsu a nan, ya share ganye a can. Ya kafa 'yar bukka jikin nasa bututun yana kwana. Nasa ya fi na kowa kyau, dutse sassaƙaƙƙe da farar ƙasa ta gaske, shi ya gina shekarar da ya yi aure. Kowa a garin jira yake bazara ta zo ya sake kewaye bututunsa da gida, shi ma haka.

Sanyi ya sauko da wuri. Wuta a gidan Huldah ba ta mutuwa, ana girka wa mutane masu yawa daga safe har yamma. Yara kuma aka kai su ɗakin sama, aka shimfiɗa musu ciyawa jikin bututun don nan ne ɗumi. Wata safiya ina sauke itace, Lemuel ya sauko daga saman da guntun katako a hannu. Ya ɓalle shi ne daga ginshiƙin da ke manne da tsagar. Gefe guda ya zama gawayi. Ya ajiye a kan teburin da Huldah ke yanka kabewa.

Ta duba, ta ci gaba da yanka.

"Ka ɗauka ban sani ba? Na fi ka sanin Obed bai iya gini ba. Teburin nan ma da ya yi sai na sa masa dutse a ƙafa."

"To ki ce musu."

"Jirginsa na ƙarƙashin teku. Rigunansa sojoji sun kwashe. Kujerun da ya yi kai ka zauna kana kallo aka ƙone. Wannan kaɗai ya rage mini da hannunsa ya taɓa."

"Ni ma yayana ne."

"Kai ƙaninsa ne, ba ka kwana a gidan."

"Yara na kwana."

Ta ture katakon da bayan wuƙa ya faɗi ƙasa. Ta ce za ta sa a matsar da ciyawar. An matsar, kwana biyu yaran suka mayar da ita, don sanyi suke ji.

Ranar Lahadi a wajenmu ba a ɗaga ko tsinke. Ana tafiya sujada tun safe har la'asar, da yaro da babba, a rufe wuta da toka a bar gida. A lokacin muna taruwa ne a kangon coci, tsakanin bango huɗu marasa rufi, kowa ya naɗe da bargo. Fasto na tsakiyar addu'a muka fara jin wani dum daga ƙarshen gari. Can kuma wani dum. Mata suka ɗauka igwa ce, jirage sun dawo. Gershom ya shafa aljihunsa. Aka fito ana leƙen teku, babu komai a kanta. Sai wata yarinya ta nuna rufin Huldah.

Lemuel ne a sama da gudumar ƙarfe. Ya riga ya sauke rabi. Kafin mu isa ya gama da sauran har zuwa ɗakin sama, don lakar ba ta yi masa gardama ba, da hannu ma cirewa take. Rufin ya zama da rami mai faɗin amalanke, dusar ƙanƙara na sauka kai tsaye cikin tukunyar wake.

Ya sauko daga tsani ya tsaya, baƙi ƙirin, yana jira. Aka yi taron gari nan a tsakar hanya, aka tuɓe shi daga aikin. Fasto ya ce tunda ya karya Lahadi an hana shi shiga coci, ko da yake cocin ba shi da ƙofar da za a rufe masa. Wasu suka ce a ɗaure shi, aka rasa inda za a ɗaure shi, gidan yarin ma bututu ne ya rage. Masunta suna ta tsintar laka a ƙasa.

Huldah ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tarin duwatsun ta daɗe, sannan ta dube shi.

"Kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidan nan."

"To, Yaya."

Daren nan an kwana da sanyi. Da safe aka zauna neman dutse. Na Obed sun farfashe, rabinsu ma dutsen bakin ruwa ne mai tsagewa in ya ji wuta. Ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa. Ga duwatsu cike da gari suna tsaye, amma duk wanda aka kalla sai ya dubi ƙasa. Wanda ya ba da bututunsa ya ba da gidansa ke nan, don ba mai ƙarfin sake sassaƙa dutse bayan abin da ya same mu. Gershom ya ce a yi addu'a tukuna.

Na fita in ba shanuna ciyawa, na ji ƙarar guduma daga wajen kangon Lemuel. Ya jingina tsani jikin nasa bututun, yana sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana kankare farar ƙasar yana jerawa.

"Kawo amalanken," in ji shi.

"Ka san ba za ka sake gina wani ba."

"Ka fara da manyan nan, su ne na ƙasa. Kada ka bari Gershom ya taɓa kwaɓi."

Kwanaki muka yi. Shi yana saukewa, ni ina ja, wasu maza biyu da suka taɓa gini suna ɗorawa. Tunda an hana shi ƙofar, in ya rako amalanke sai ya tsaya a ɗaya gefen hanya yana yi musu nuni da hannu, su kuma suna yi kamar ba su gan shi ba, suna bin abin da ya nuna. Huldah tana girki a waje a kan duwatsu uku, bayanta na wajensa. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Amma kullum kwanon da take ba ni ya fi cikina, kuma da cokali biyu a ciki.

Na ƙarshe shi ne shimfiɗaɗɗen dutsen murhu, wanda matarsa ta yi shekaru tana girki a kai. Mu biyu muka ciccibe shi da ƙyar muka ɗora. Wurin ya zama fili, babu alamar an taɓa yin gida sai baƙin ƙasa. Bukkarsa ma ta faɗi tunda abin da ta jingina da shi ya tafi.

Na ce masa ya zo ya kwana a rumbu tare da mu. Ya ce 'yarsa ta daɗe tana kiransa, kuma ya ji an ce mijinta da wani itace mai ƙaro da ake kira fir yake girki, mai tara kunkunniya.

"Ka ce musu su bar kwaɓin ya sha iska kafin su cika masa wuta. Ciyawar yaran kuma a matsar da ita duk da haka."

Ya zauna a ƙasa ya cire takalmi ɗaya, ya zazzage tsakuwa, ya mayar. Ya naɗe bargonsa, ya saɓa gudumar a kafaɗa, ya kama hanyar tudu.